Yadda Ake Shimfiɗa Titi Mai Kama da na Gaske a Kan Teburin Ƙaramin Jirgin Ƙasa

Wanda ya tsaya a gaban teburin da aka shimfiɗa wa ƙaramin layin dogo ba ya daɗewa yana kallon jirgin kaɗai. Da zarar taragun sun wuce, idonsa kan sauka a kan gidaje da bishiyoyi da titin da ya ratsa tsakaninsu, kuma a nan ne ake gane aikin da aka yi da lura. Dalili kuwa shi ne, mutane kaɗan ne suka san ainihin siffar kan jirgi ko tsarin tasha, amma kowa yana taka titi kullum, don haka ko yaro zai ji a ransa cewa wani abu bai yi daidai ba idan titin ya yi baƙi wuluk, ko ya yi ƙunci, ko ya kwanta shafal kamar an manna ƙyalle. Abin da ya fi damuna shi ne ganin mutum ya ɓata watanni yana gyara layi da duwatsu, sannan ya yanko baƙar takarda ya liƙa a rana ɗaya ya ce ya yi titi. Titin ya cancanci irin haƙurin da aka ba layin, kuma kayan aikinsa ba su da wuyar samu.

A fara da awo

Kafin a taɓa gam ko fenti, sai a ɗauki rula da alƙalami a yi lissafi. A ma'aunin HO, wanda ya fi yaɗuwa a duniya, ana rage kowane abu sau 87. A ma'aunin OO na Birtaniya sau 76 ne, a ma'aunin N kuma sau 160 a yawancin ƙasashe. Hannu ɗaya na babban titi yana da faɗin kimanin mita 3.5, wanda ya zama milimita 40 a HO, milimita 46 a OO, da milimita 22 a N. Ke nan titi mai hannu biyu yana bukatar milimita 80 a HO tun kafin a ƙara masa kafaɗa ko wurin masu tafiya a ƙasa, wanda shi ma mita 2 ne, wato milimita 23 a kowane gefe. Hanyar karkara mai faɗin mita 5 kuwa milimita 57 ta ishe ta.

Waɗannan alƙaluma kan ba mutane mamaki, domin wuri a kan tebur yana da daraja, kuma zuciya takan so a matse titi don a sami filin ƙara layi. Ana iya rage kashi 10 cikin 100 ba tare da ido ya lura ba, amma fiye da haka sai motoci su fara kama da waɗanda aka cusa a lungu. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a ajiye babbar mota da bas gefe da gefe a kan zanen fensir, a duba ko za su iya wuce juna ba tare da madubansu sun haɗu ba. Haka ma kwana. Babbar mota tana bukatar da'ira mai nisan kusan mita 12.5 daga tsakiya kafin ta juya, wato milimita 144 a HO, saboda haka idan an gina masana'anta ko ma'ajiyar kaya, dole a bar mata filin da motar kaya za ta iya shiga ta fito.

Sai kuma tambayar da ya kamata kowane titi ya amsa: daga ina ya fito, ina kuma ya nufa? An yi titi ne don ya kai mutane tasha, ko gona, ko kasuwa, kuma wanda bai haɗa komai da komai ba yakan zama ado kawai. Yana da kyau kuma kada titi ya riƙa bin gefen tebur a miƙe, ko ya yi ta bin layin dogo kafaɗa da kafaɗa. Idan ya ɗan karkace, ya hau tudu ya gangara, ya ɓace a bayan gini ya sake ɓullowa, sai wurin ya ga kamar ya fi girmansa. Mota tana hawa gangaren da jirgi ba zai iya ba: a kan tebur layi ba ya son ya wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100, amma titi yana iya kai kashi 8 ko 10, kuma wannan bambanci shi ke raba su a idon mai kallo.

Gado da doro

Titi na gaske ba a kan ƙasa tsirara yake kwance ba, yana da gado a ƙarƙashinsa wanda ya ɗaga shi sama da filin da ke kewaye. Ana yin gadon da kwali mai kauri, ko allon kumfa, ko shimfiɗar kok, wato irin abin da ake toshe bakin kwalba da shi, mai kaurin milimita 2 zuwa 3. A yanka shi daidai da zanen, a liƙa da farin gam na kafintoci, a danne da littattafai ko wani abu mai nauyi har ya kwana. Inda titi zai fara hawa tudu, kada a bar kusurwa mai kaifi. Sai a goge wurin da sanfefa har hawan ya fara a hankali, in ba haka ba duk motar da aka ajiye a wurin za ta ga kamar ta cije.

Daga nan sai doro. Injiniyoyi kan ɗaga tsakiyar titi da kusan kashi 2.5 cikin 100 don ruwan sama ya gangara gefe, kuma a hannu mai faɗin milimita 40 wannan milimita 1 ne kacal. Ƙanƙanin abu ne, amma haske yana sauka a kan titi mai doro ta wata hanya dabam, kuma motar da aka ajiye a gefe takan ɗan karkata yadda ido ya saba gani. Hanya mafi sauƙi ita ce a liƙa siririn kwali mai kaurin milimita 1 da faɗin kusan milimita 10 a tsakiyar gadon, sannan a ɗora fuskar titin a kansa a liƙa gefunanta ƙasa.

Fuskar titi

A nan ne ra'ayoyi suka rabu. Kamfanoni irin su Faller da Noch da Busch suna sayar da titi naɗaɗɗe mai gam a bayansa, wanda an riga an zana masa layuka. Yana da sauri, amma launinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, yakan tattare a kwana, kuma mahaɗinsa yana fitowa fili. Wanda ya zaɓe shi sai ya shirya sake masa fenti. Wasu kan yi amfani da sanfefa mai laushi sosai, daga lamba 600 zuwa 1000, wadda tana da kyau a miƙaƙƙen wuri gajere, sai dai tana tara ƙura kuma tana cinye duk tsumman da aka goge ta da shi. Kada a ruɗu da sanfefa mai kaushi da sunan tana kama da kwalta: tsakuwar da ke cikin kwalta ba ta cika wuce milimita 14 ba, wadda a HO ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Titi a wannan ma'auni kusan sumul yake, kaushinsa a launi yake fitowa, ba a taɓawa ba.

Hanya ta uku ita ce farantin roba da ake kira sitirin, mai kaurin rabin milimita zuwa milimita 1. Ana yanka shi da wuƙar aiki, yana lanƙwasuwa a kan doro, kuma ya fi dacewa da titunan cikin gari da na kankare. Dole ne a goge ƙyallinsa da sanfefa a shafa masa fentin share fage kafin launi ya kama.

Ni dai filasta na fi so, domin ita ce take bin kowace kwana da kowane tudu ba tare da mahaɗi ba, kuma tana tsufa kamar titi na gaske. Ga yadda ake yi. A liƙa tef mai kumfa, mai kaurin kusan milimita 1.5, a gefe biyu na zanen titin don ya zama shinge. Kamfanin Woodland Scenics yana yin irin wannan tef tare da garinsa mai suna Smooth-It, amma filastar da ake cike tsagar bango da ita ma tana aiki. A kwaɓa garin da ruwa har ya yi kaurin da zai zubo a hankali daga cokali ba tare da ya tsinke ba, a kuma ɗiga masa baƙin fenti mai narkewa a ruwa har kwaɓin ya koma toka-toka. Wannan mataki yana da muhimmanci ƙwarai, domin duk ranar da titin ya ɓantare, ba farin tabo ne zai bayyana ba. A zuba kwaɓin tsakanin shingayen, a ja shi da gefen rula ko guntun roba wanda ya hau kan tef ɗin biyu, sau ɗaya ko sau biyu kawai, domin yawan komawa yana tono ramuka. Idan ana son doro ya fito tun a nan, sai a ɗan kwarfe gefen robar da ake ja da ita. A bar shi sa'o'i 24, a ɓare tef ɗin a hankali, a goge da sanfefa mai laushi da aka naɗe a guntun katako. Filastar bango takan motse yayin bushewa, don haka shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Ƙurarta ba ta da kyau ga huhu, ba ta kuma da kyau ga injin jirgi, saboda haka a rufe hanci da baki, a lulluɓe layin da tef, a kwashe jiragen daga teburin, ko kuma a yi gugar da soso mai ɗan danshi wanda ba ya tayar da ƙura.

Titin kankare yana da tsagar da aka bari da gangan a kowane mita 4.5 ko makamancin haka, wato milimita 52 a HO, da wata doguwa a tsakiya. Ana zana su da bayan wuƙa a jikin rula. Hanyar burji kuwa ba ta bukatar shinge: a shafa filasta mai launin ƙasa, tun tana da taushi a gangara da tsohuwar ƙaramar mota a kai don ta bar sawun taya, sannan a barbaɗa ƙasa busasshiya da aka tankaɗe da rariya mafi laushi, a ɗaure ta da farin gam da aka sirka da ruwa. A bar siririn layin ciyawa a tsakiyar sawun idan hanyar ba ta da yawan zirga-zirga.

Launi da tsufa

Titi ba baƙi ba ne. Sabuwar kwalta kaɗai ce take kusa da baƙi, kuma ba ta daɗewa rana da ƙura da taya suke mayar da ita toka-toka, wani lokaci mai ɗan ja, wani lokaci mai ɗan shuɗi, gwargwadon irin dutsen da aka yi ta da shi. A ɗaki kuma haske bai kai na rana ba, don haka launin da ya yi daidai a waje yakan yi duhu a kan tebur. Shawarata ita ce a fara da farin fenti a riƙa ɗiga baƙi, ba a fara da baƙi ana ƙara fari ba, a kuma sa ɗigon ruwan ƙasa don launin ya yi ɗumi. A gwada a guntun kwali a ƙarƙashin fitilar da ke haskaka teburin, a jira ya bushe kafin a yanke hukunci, domin irin wannan fenti yakan ƙara duhu bayan ya bushe.

Ba da buroshi ake jan fentin ba, domin yana barin layuka. A yi ta dangwala shi da soso, shafi bisa shafi, da launuka biyu ko uku masu kusa da juna, yadda babu wani yanki da zai zama launi ɗaya tak. Bayan ya bushe, a tsoma tsohon buroshin haƙori a fenti mai haske da aka sirka, a murza gashinsa da yatsa daga nesa don ya fesa ɗigo ƙanana ƙwarai, a maimaita da mai duhu. Waɗannan ɗigo su ne tsakuwar da ido yake nema.

Yanzu sai a zauna da hoton titi na gaske, wanda aka ɗauka daga sama idan da hali, a karanta abin da motoci suka rubuta a kansa. A tsakiyar kowane hannu akwai dishi-dishin duhu na baƙin mai da ke ɗiga daga injuna, kuma ya fi yawa a inda motoci ke tsayawa: gaban danja, tashar bas, da bakin mahaɗar layin dogo. A gefensa biyu akwai sawun taya, wanda a tsohuwar kwalta yakan yi haske da santsi. A bakin titi ƙura da yashi suna taruwa. Ana fitar da duk wannan da allin launi da aka kankare ya zama gari, a shafa da buroshi mai laushi ko auduga, kullum ana bin hanyar da motoci suke bi, har da lanƙwasar da suke yi a mararraba. A fara da kaɗan, domin ƙarawa tana da sauƙi, ragewa ce ke da wuya.

Faci kuwa shi ne abin da ya fi rayar da titi. Masu gyaran famfo da wayoyi suna yanka kwalta a miƙe, don haka facinsu mai kusurwa huɗu ne, ko dogo siriri mai tsallaka titi zuwa wani gida. A kewaye wurin da tef, a dangwala launi mai ɗan duhu, a ɓare. Wasu facin a yi su da haske don su nuna sun tsufa. Tsagewa ana zana ta da fensir mai tsini ko alƙalami mafi siriri, hannu yana ɗan karkarwa, kuma ta fi yawa a gefuna da kewayen murfin magudana. Murfin kansa santimita 60 ne, wato milimita 7 a HO. Rami ɗaya ko biyu da aka ƙwaƙule da bakin wuƙa sun isa, domin idan suka yi yawa hankalin mai kallo yakan koma kansu ya bar sauran aikin.

Layuka da zamani

Farin layi mai faɗin santimita 10 bai wuce milimita 1 da ɗoriya ba a HO, a N kuma rabin milimita ne da kaɗan. Kaurin layi shi ne kuskuren da aka fi yi. A liƙa tef biyu a bar wannan tazara, a danne bakinsu sosai, a dangwala farin fenti da soso kusan busasshe yadda launin titi zai riƙa leƙowa ta ciki. Fensir fari mai laushi ma yana ba da layi mai kama da wanda ya kwana biyu.

Layuka suna faɗin ƙasa da zamani, saboda haka sai sun dace da jiragen da ke kan teburin. A Amurka, tun daga ƙa'idar 1971 ne layin da ke raba masu tafiya da masu dawowa ya zama rawaya a ko'ina, kafin nan fari ya yawaita, kuma a yau layinsu mai yankewa ƙafa 10 ne da tazarar ƙafa 30, wato milimita 35 da 105 a HO. A Birtaniya layin tsakiya fari ne, rawaya kuma a gefe take don hana ajiye mota, kuma mashigin masu tafiya a ƙasa mai zanen baƙi da fari ya fara aiki a hukumance ne a 1951. Wanda yake kwaikwayon shekarun 1930 zai iya barin yawancin hanyoyinsa ba layi ko ɗaya. Kada kuma a manta da hannun da ake tuƙi: hagu a Birtaniya da Japan, dama a Amurka da Jamus. Bayan an gama, a fesa ruwan kariya marar ƙyalli, a san kuma cewa yakan dushe allin, don haka watakila a ƙara wani bayan ya bushe.

Inda titi ya tsallaka dogo

Wannan ne wuri ɗaya da kyau zai iya hana jirgi tafiya, don haka aiki ya riga ado. A ɗaga titin a hankali daga nesa har ya zo daidai da kan dogo, amma a bar fuskarsa ƙasa da ƙarfen da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na milimita. Idan ta fi ƙarfen tudu, ƙafafun jirgin za su ɗago su rasa wutar lantarkin da suke samu daga ƙarfen, kuma duk lokacin da aka goge layi za a kankare fentin. A cikin layin, tsakanin ƙarafan biyu, dole a bar kwarmi na kusan milimita 1.5 a jikin kowane ƙarfe a HO, domin leɓen ƙafar jirgi ya wuce. Guntun sitirin ko siraran katakai sun fi filasta sauƙi a nan. Kafin gam ya kama, a tura tarago mafi zurfin leɓe da hannu sau da yawa, a kuma duba cewa ƙugiyar da ke rataye a ƙarƙashin mahaɗin taragu ba ta karo da komai. Ya fi kyau a sa mahaɗar a miƙaƙƙen layi, nesa da wurin canjin hanya.

Gefuna da ƙarshen hanya

A cikin gari, ɗan dakalin gefen titi milimita 125 ne, kusan milimita 1.5 a HO, kuma gine-gine a kan wurin masu tafiya suke zaune, ba tazarar haske a ƙarƙashinsu. A karkara kuwa bakin kwalta ba ya miƙewa kamar an yanka da reza: ana shafa masa ƙasa da tsakuwa mai laushi, ciyawa tana ɗan hawowa kansa, sannan kwari ya biyo baya da kwalbati a inda ruwa zai ratsa.

Titin da ya nufi hoton bango kai tsaye, wato zanen sararin sama da ake kafawa a bayan tebur, yakan tona asirin teburin, domin inuwar mota tana faɗawa a kan sararin sama. Ana magance wannan ta hanyar karkatar da titin ya ɓace a bayan gini, ko ya shige ƙarƙashin gada, ko ya hau ɗan tudu ya gangara inda ido ba ya kaiwa. Idan aka riƙa rage faɗinsa a hankali yayin da yake nisa, aka kuma ajiye motar ma'aunin N a can ƙarshe a kan teburin HO, nisan yakan ninku, muddin jirgi ba ya wucewa kusa da ita.

Motocin kansu suna fitowa daga kwali da ƙyalli fiye da kima. A rufe gilasansu, a fesa musu ruwan kariya marar ƙyalli, a shafa ƙura a ƙasansu, a kuma goge ƙasan kowace taya kaɗan da sanfefa don motar ta zauna da nauyinta. Tun da ba motsi suke yi ba, sun fi gamsarwa a inda mota take da dalilin tsayawa: an ajiye ta a gefe, ana sauke mata kaya, ko tana jira a bayan shinge jirgi ya wuce, da direba a ciki. Wanda kuma yake son su yi tafiya da tsarin Faller, wanda maganaɗisun da ke gaban motar yake bin wayar ƙarfe da aka binne, sai ya shimfiɗa wayar a saman gadon tun kafin ya zuba filasta, ya bar ta dab da fuskar titin, ya kuma gwada motar a kowace kwana kafin ya ɗauki soson fenti.